Ku Tambayi Mama: Gabana Yana Faɗuwa, Ko Bangaskiyata Ce Ta Ƙare?

Salama a gare ku, masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata, in aka cire kaɗan da suka shafi zaman aure, duk magana ɗaya suke yi: tsoro, fargaba, da tunanin da ke hana mutum barci. Na zaɓi uku. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa. Ta farko ta fi cin wuri, domin na san mata da yawa za su ga kansu a cikinta.

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a wata unguwa a bayan garin Kaduna. Shekara biyu da suka wuce masu garkuwa da mutane suka tare maigidana yana dawowa daga gona. Ya yi makonni a daji. Muka sayar da gonar da babur ɗinsa, dangi da ikilisiya suka taimaka, aka kai kuɗin fansa, Allah ya maido mana da shi da rai. Mun yi godiya a coci, an yi waƙa an yi rawa. Amma Mama, tun daga lokacin ban sake yin barci mai daɗi ba. Da na ji ƙarar babur da dare ko haushin kare, sai gabana ya faɗi, zuciyata ta yi ta bugawa, gumi ya karyo mini, numfashina ya sarƙe, in ga mutuwa ce ta zo. In ƙarfe shida ta wuce maigida bai shigo ba, ko ludayi ba na iya riƙewa. Wata a Zumuntar Mata ta ce mini an rubuta "kada ka ji tsoro" sau 365 a Littafi Mai Tsarki, ɗaya don kowace rana, saboda haka tsorona zunubi ne, kuma butulci ne bayan abin da Allah ya yi mana. Na yi azumi, na je kwanan addu'a, abin bai tafi ba. Yanzu ƙwayar barci nake saye a kemis a ɓoye. Ina rera waƙa a sujada amma ina ganin kaina munafuka. Mama, bangaskiyata ce ta ƙare?

'Yarki daga Kaduna

AMSA

'Yata, sannu. Sannu da wannan nauyi da kika ɗauka shekara biyu ke kaɗai. Amsata kai tsaye ita ce a'a. Bangaskiyarki ba ta ƙare ba, kuma bugawar zuciyar nan da gumin nan ba zunubi ba ne.

Aikin jinya na yi a asibiti har na yi ritaya, don haka bari in fara da abin da ke faruwa a jikinki. Allah ne ya halicce mu da wannan shiri. Da zarar kunne ko ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin haɗari, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri don ta tura jini ƙafafu da hannuwa, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, gumi ya karyo, duk don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wannan yana faruwa kafin ki yi tunani, balle ki zaɓa. Ke kuwa makonni kika yi kina kwana da waya a hannu, kina jiran kiran mutanen da ke riƙe da ran mijinki. Jikinki ya koyi zama cikin shiri, har yau bai yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Ba wanda zai ce wannan mutum ya yi saɓo don ya yi tsalle.

Ba kuma ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wani ciwo na tunani, ko fargaba, ko baƙin ciki mai tsanani, ko firgitar da ke biyo bayan masifa. Ki ƙirga matan da kuke zama a benci ɗaya ranar zumunta. Maƙwabtanki Musulmi ma da aka taɓa ɗaukar nasu, daren nan ɗaya kuke kwana ido biyu.

Game da lissafin 365 kuwa, na sha jin sa a wa'azi, yana kuma yawo a WhatsApp, amma wanda ya zauna ya ƙirga ba zai same shi haka ba. Gaskiyar ita ce Allah ya faɗi wannan magana sau da yawa ƙwarai. Ki duba dai wa yake gaya wa, da abin da ke biyo baya. Ya gaya wa Hajaratu a jeji sa'ad da ruwan salkarta ya ƙare, ɗanta na bakin mutuwa, sa'an nan ya buɗe idonta ta ga rijiya (Farawa 21). A Ishaya 41:10 ya ce kada a ji tsoro, nan take ya ba da dalili: yana tare da su, zai ƙarfafa su, zai riƙe su da hannun damansa. Rarrashi yake yi. 'Yar'uwar da ta yi miki magana, mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta ƙara miki nauyi da maganar da aka bayar don a rage shi.

Ki buɗe Markus 14 daga aya ta 32. A Getsamani, daren da za a kama shi, Ubangiji Yesu ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya ce musu ransa yana shan wahala matuƙa har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna su yi tsaro. Luka, wanda likita ne, ya rubuta cewa guminsa ya yi ta ɗiga ƙasa kamar gudajin jini. Ibraniyawa 5:7 ta ce ya yi addu'a da kuka mai ƙarfi da hawaye, Ibraniyawa 4:15 kuma ta ce bai taɓa yin zunubi ba. Ki haɗa ayoyin nan biyu. Da ƙuncin rai gaban haɗari zunubi ne, da ba mu da Mai Ceto marar aibi. Ki kuma lura, shi da yake Ɗan Allah bai ɓoye halin da yake ciki ba. Da bakinsa ya faɗa wa abokansa uku, ya nemi su tsaya kusa da shi.

Dawuda ya rubuta Zabura 56 ne lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat. A 1 Sama'ila 21 an nuna mana irin tsoron da ya ji a can, har ya yi kamar ya haukace, yana zane-zane a ƙyauren ƙofa, miyau na zuba a gemunsa. Mutumin da ya kashe Goliyat ke nan. A aya ta 3 bai ce shi ba ya jin tsoro ba. Cewa ya yi, sa'ad da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Tsoron da dogarar suna cikin aya ɗaya, cikin zuciya ɗaya, kamar yadda suke a cikinki in kina rera waƙa gabanki na faɗuwa. Wannan ba munafunci ba ne. Manzo Bulus ma, da ya ce kada mu damu da kome a Filibiyawa 4:6, shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 7:5 cewa da suka isa Makidoniya ba su sami hutu ba, daga waje faɗace-faɗace, daga ciki tsoro. Ya ce Allah ya ta'azantar da shi. Ta yaya? Ta wurin zuwan Titus. Mutum Allah ya aiko masa.

Amma labarin da nake so ki karanta a hankali a makon nan shi ne na Iliya, 1 Sarakuna sura 18 da 19, domin ya fi kama da naki. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama, ruwan sama ya zo bayan shekarun fari. Babbar shaida ke nan, irin taku da aka sako maigida. Bayan wannan nasara ne, ba kafinta ba, saƙo ɗaya daga Sarauniya Yezebel ya sa ya gudu har Biyer-sheba. A can ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Me Allah ya yi masa? Bai yi masa faɗa ba, bai tuna masa wutar Karmel ba, bai sa shi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa. Ya ci ya sha ya koma barci. Mala'ikan ya sake dawowa da abinci, ya ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai can a Horeb Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zayyana kukansa har sau biyu, sa'an nan ya gyara masa lissafi: yana ganin shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Barci, abinci, kunne mai saurare, gaskiya, abokin tafiya. Ni a matsayina na mai jinya, duk lokacin da na karanta wannan sura sai in ga Allah ya san jikin da ya halitta fiye da yawancinmu masu ba da shawara.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda tsoro ke kai mutum ga zunubi. Ibrahim ya ce matarsa Saratu ƙanwarsa ce saboda tsoro, Bitrus ya yi musun Ubangijinsa saboda tsoro. Abin da za ki yi tsaro da shi shi ne inda tsoron ke neman tura ki: ga laya, ga ƙarya, ga ƙin wata kabila gaba ɗaya, ga hana yara fita ko ƙofar gida. A naki yanayin, ɓoyon nan ne na fi jin tsoro. Iliya ya fi shiga uku ne bayan ya bar baransa a baya.

Ga maganar da nake so fastoci da dattawan ikilisiya su ji. Mun iya tara kuɗin fansa, Allah ya saka. Mun iya godiya. Lahadin farko a tsai da mutum gaban jama'a ya ba da shaida, a yi guɗa, a tashi, daga nan an rufe maganar. Wanda ya ce har yanzu yana jin ciwo sai a ce masa marar godiya. Alhali cikin zabura 150, wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da koke. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, ba ko ayar farin ciki ɗaya a ƙarshenta, Allah kuma ya yarda aka sa ta cikin Littafinsa. Bayan Boko Haram ta kama Mubi da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi a watan Oktoba 2014, 'yan'uwanmu na can sun fara tarukan warkar da raunin zuciya, inda ake zama cikin ƙananan rukuni, kowa ya faɗi abin da ya gani, a yi kuka, a karanta Maganar Allah. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ma tana horar da mutane kan wannan aiki. Ki tambayi fastonku ko akwai wanda ya sami wannan horo kusa da ku. In babu, tambayarki na iya zama dalilin da za a tura wani.

Kafin nan, ki nemi mace ɗaya dattijuwa mai riƙon asiri, ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, har da maganar ƙwaya. Ki ɗauki takarda ki rubuta taki zaburar: ki faɗa wa Allah abin da ya faru a makonnin nan, abin da ya ba ki haushi, abin da kike roƙo, ba tare da gyara harshe ba. In abin ya taso da dare, ki tashi zaune, ki sa ƙafafu a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki sake shi ta baki kina ƙirga shida. Sakin numfashi a hankali yana rage saurin zuciya. Irin wannan firgita takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin minti goma ko makamancin haka, sai ta fara sauka. Ki riƙe aya ɗaya gajera da za ki riƙa maimaitawa a lokacin. Ni Zabura 4:8 nake ba mutane, inda Dawuda ya ce zai kwanta ya yi barci da salama domin Ubangiji ne kaɗai ke zaunar da shi lafiya. Kwanan addu'a da dogon azumi kuwa, ki dakata da su tukuna. Rashin barci da yunwa suna ƙara bugawar zuciya, Allah kuma yana jin addu'ar ƙarfe takwas na dare yadda yake jin ta ƙarfe biyu. Ki bar goro da kofi da shayi mai ƙarfi daga la'asar. Bidiyon gawawwaki da muryoyin "an ce suna zuwa" da ake turawa a waya, ki daina buɗe su, ki bar mutum ɗaya amintacce ya riƙa gaya miki labarin da ya tabbata.

Yanzu ƙwayar. Sau da yawa abin da ake bayarwa a kemis don barci dangin diyazepam ne, wanda aka fi sani da Valium. Jiki yakan saba da ita da wuri, ya nemi ƙari. In kin yi watanni kina sha kullum, kada ki yanke ta rana ɗaya, domin hakan na iya jawo firgita mai tsanani har da jijjiga. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai rage miki a hankali. Ki roƙi a auna hawan jini, yawan jini, sukari, da aikin maƙoƙo, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna sa zuciya ta yi ta bugawa. A garinku akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa. Na san abin da mutane ke kiran wurin, kuma wannan suna ya hana mutane da yawa samun lafiya. Akwai masu zuwa can da safe su ga likita su koma kasuwa ko ofis. Tun watan Janairu 2023 ma ƙasar nan tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu neman magani. Zuwa wurin likita ba raina addu'a ba ne. Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. In kuma wata rana tunanin kashe kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani a ranar, kada ki bari ya kwana.

Ba ki ce kome ba game da yadda maigida yake. Shi ne ya kwana a dajin. Maza sukan haɗiye abin, ya fito ta hanyar shiru, ko faɗa, ko sha. Ki tambaye shi yadda barcinsa yake, wataƙila kowannenku yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya ƙara masa damuwa. Ku yi yarjejeniya ya riƙa kira in zai yi latti. In kuma unguwar har yanzu tana cikin haɗari, shiga tsarin 'yan sintiri ko ma ƙaura ba rashin bangaskiya ba ne. Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana, Yusufu kuma ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar da dare bisa umarnin Allah. Ki sake rubuto mini bayan kin ga likita.

TAMBAYA

Mama, ni saurayi ne ɗan shekara 29, ɗan fari a gidanmu. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, ba aiki sai koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. Baba ya tsufa, ƙannena uku suna makaranta, kowa ni yake kallo. Akwai wadda nake so in aura, iyayenta sun fara tambaya. Da dare lissafi nake ta yi har asuba. In na karanta Matiyu 6, inda aka ce mu dubi tsuntsaye kada mu damu da gobe, gaskiya haushi nake ji, domin tsuntsu ba ya biyan kuɗin haya. Yesu yana nufin kada in yi tunanin gobe ne sam?

Ɗanki daga Jos

AMSA

Ɗana, na ji daɗin gaskiyarka. Ka tuna da waɗanda suka zauna a kan dutse suna sauraron Yesu yana wannan magana: masunta, ƙananan manoma, 'yan ƙwadago da ake biya dinari guda a yini, ga harajin Romawa a kansu. Ba masu rumbu cike ya yi wa magana ba. A aya ta 32 ya ce Ubanku ya san kuna bukatar waɗannan abubuwa, a aya ta 34 kuma ya yarda cewa kowace rana da tata wahala. Bai raina kuɗin hayarka ba.

Bai kuma hana shiri ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar shekara bakwai saboda yunwar da ke tafe, an kuma kira hakan hikima. Bambancin yana nan: shiri yana ƙarewa da wani abu da za ka tashi ka yi, damuwa kuwa lissafi ɗaya take maimaita maka sau ɗari, gari ya waye ba ko sisi da ya ƙaru, sai gajiya da za ka shiga aji da ita. Wannan ne Yesu ya tambaya a aya ta 27, ko akwai wanda damuwa ta taɓa ƙara wa kwana. Ka mai da lissafinka rana, da biro da takarda. Abin da ke hannunka, ka sa masa ranar yi. Abin da ba ya hannunka, ka kai wa Allah da sunansa da adadinsa, kuɗin makarantar wane nawa ne, haya nawa ce, yadda Filibiyawa 4:6 ta ce a sanar da Allah roƙe-roƙenmu tare da godiya. In lissafin ya dawo da dare, ka gaya wa ranka an riga an rubuta shi, an kuma miƙa shi.

Abin da na fi hangowa a wasiƙarka shi ne kana ɗauke da abin da ba a ɗora wa ɗan fari ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kome ya tashi, albashin malamai irinka kuwa ya tsaya. Ba lalacinka ba ne. Ina tsammanin Baba da ƙannenka ba su san nawa kake karɓa ba, domin ka ɓoye don kada a raina ka. Ka tara su ka faɗa musu adadin. Ƙane mai shekara 18 zai iya sana'a lokacin hutu. Yarinyar ma ka gaya mata gaskiya, ku je wurin iyayenta da dattijo ɗaya ku nemi a yi auren daidai ƙarfinku. In ta san adadin ta tsaya, ka sami mata.

Abu biyu nake roƙonka ka guje wa, domin na ga yadda suke cinye samarinmu masu irin damuwarka: cacar ƙwallo ta waya, da manhajojin bashi masu ruwa mai yawa, waɗanda in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tona maka asiri. Ka duba cikin cocinku wa ke da sana'ar hannu da zai koya maka da yamma. Bulus mai ilimi ne, ya kuma ɗinka tanti ya ci abinci.

TAMBAYA

Mama, ni mai bishara ne a wani ƙauye a Jihar Katsina. Wata mace a ikilisiyarmu ɗanta yana yawan ciwo, ita kuma tana mugayen mafarkai. Ta je birni wurin wani da ke kiran kansa annabi, ya ce uwar mijinta mayya ce, ya sayar mata da mai da ruwa, ya ce ta riƙa dawowa kowane wata. Yanzu ba ta cin abincin kowa, gidan ya rabu biyu, an daina gaida tsohuwar. Yaya zan yi?

AMSA

Malam mai bishara, sannu da aiki. Na gaskata akwai Shaiɗan da ayyukansa, Afisawa 6:12 ba ta bar mu cikin shakka ba. Amma Kolosiyawa 2:15 ta ce Almasihu ya tuɓe wa ikokin nan makamansu a kan gicciye, 1 Yahaya 4:4 kuma ta ce wanda ke cikinmu ya fi wanda ke cikin duniya. Bal'amu, da aka ɗauko da kuɗi don ya la'anci Isra'ila, da bakinsa ya shaida cewa ba sihirin da zai ci jama'ar Allah (Littafin Ƙidaya 23:23). Ka zauna da matar ka koya mata waɗannan ayoyi ɗaya bayan ɗaya, kai da uwargidanka, a gidanta. Kada ka ambaci zancen a wa'azi, domin kunya za ta mai da ita wurin mutumin. Tsoron uwa ne ga ɗanta ya kai ta can, ka fara daga nan.

Shi kuwa mutumin, duk wanda ya ƙara maka tsoro sa'an nan ya sayar maka da maganinsa, ciniki yake yi. Yesu ya ce kyauta muka samu, kyauta za mu bayar. Bitrus ya ce wa Siman mai sihiri kuɗinsa su hallaka tare da shi, don ya zaci baiwar Allah abar saye ce. Ka sanar da faston da ke sama da kai.

Yaron a kai shi asibiti a gwada zazzaɓin cizon sauro, a kuma gwada jininsa a ga ko sikila ce. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma yaro mai yawan zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kumburin hannu ya sa an zargi tsofaffi da yawa da maita ba gaira ba dalili. In ba kuɗin mota, a ɗiba daga baiko.

Wadda ta fi shiga haɗari a gidan nan ita ce tsohuwar. Zargin maita shaidar zur ce, wadda doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana, kuma ya sha kai wa ga duka da kora, har da kisa. In yaron ya sake kwanciya kafin a gyara maganar, kanta za a faɗa. Ka je ka gaishe ta tun kafin Lahadi, ka zauna a ƙofar ɗakinta inda kowa zai gan ka, in ta ba ka abinci ka ci.